Sawun da Tiyo Ya Bari

Ranar Alhamis da hantsi aka turo babur ɗin Mai Ƙwai zuwa layin makanikai. Tayar gaba ta karkace, tanki ya loɓa, ƙwanduwa ta bushe a jikin sit har ƙuda na bin sa. Mai babur ɗin kuwa yana asibiti da karaya biyu a ƙafa ɗaya, an ce har lokacin bai san wanda ke kansa ba. A gangarar bayan injin ƙanƙara birkin gaba ya ƙi shi, ya faɗa kwalbati da kiret takwas na ƙwai a bayansa.

A ƙofar rumfata aka jingine shi, domin kowa ya san ni na taɓa birkin kwana shida kafin nan. Sanyi ake ce mini a layin, saboda ba na sauri a aiki, ba na sauri a magana. Rumfar ta mahaifina ce. Da ya rasu na gaje ta tare da sifanoninsa da bencinsa mai ƙafa uku, kuma da ita nake ciyar da Inna.

Dogo ne ya fara sa hannu. Shi ne maƙwabcina na dama, ya daɗe yana cewa rumfata ta tare masa iska. Ya kamo tiyon birkin da ke lilo, ya zaro wuƙa ya tsaga shi, ya ɗaga sama don na baya su gani. Roba ce tsohuwa, duk ta tsattsage kamar kaushin dunduniya, babu ko silin waya a cikinta.

Abin da ya sa wurin ya kaure shi ne, Mai Ƙwai ya bi mutane yana ba da labari na saka masa tiyo mai saƙar waya, irin wanda ba ya kumbura, ba ya fashewa. Ya gan shi a hannuna yana ƙyalli, amma bai tsaya an ɗaura ba, sai da yamma ya dawo ya tarar na zura masa baƙar rigar roba a kai. To yanzu sai magana ta zama na nuna masa sabo, na ɗaura masa tsoho, baƙi da baƙi wa zai bambanta, sabon kuma na sayar.

Ina ƙoƙarin haɗa magana Auta ya shaƙe ni. Ƙanin Mai Ƙwai ne, yana ɗaukar fasinja a wata tasha can ƙarshen gari, da babur irin na yayansa sak, yayan ne ma ya saya masa. Idonsa ya yi ja, yana cewa in yayansa ya mutu sai ya binne ni da hannunsa. Da ƙyar aka ɓamɓare shi, ya tafi da rabin wuyan rigata.

Shugaban layi ya zo, bai tambaye ni komai ba. Ya ja ƙofar rumfar ya danna mata kwaɗonsa, ya sa makullin a aljihu. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar za a zauna. In laifin ya tabbata a kaina, za a ba wani rumfar, ni kuma a miƙa ni ga 'yan sanda, domin ba za a ɓata sunan layi a kan mutum ɗaya ba. Dogo ya riga ya fara auna faɗinta da ido.

*

Inna ce ta ce in je wurin Baba Mai Sawu. Da ƙuruciyarsa shi ake kira in an sace shanu, ya bi sawu kwana uku a daji har ya kai mutane bakin garken ɓarawo. Yanzu ya tsufa, igiya yake tufkawa a ƙofar gidansa. Na ce mata ai wannan sha'anin ƙarfe ne, ba na kofato ba. Ta ce in tashi in je tun ba ta ɗauki mayafi ta je da kanta ba.

Na same shi da igiya a babban yatsan ƙafa. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba, sannan ya ce shi da mahaifina ba su taɓa shiri ba, mutum ne mai taurin kai, kuma ga alama ni ko taurin kan ban samu ba. Ya ce bai san komai a babur ba, ko hawa ba ya so.

"Amma zan duba," in ji shi. "Ka sani, yaro, in sawun nan ya kai ni rumfarka, a gaban uwarka zan faɗa."

Na ce na yarda.

*

Gangarar muka fara zuwa, a ƙasa, shi a gaba da sandarsa. Mutane sun tattake wurin, ɓawon ƙwai ya zama gari. Bai ko kalli kwalbatin ba. Sai ya haura sama, inda hanya ta fara kwana zuwa hagu, ya tsuguna ya daɗe. Ya nuna mini wani ɗigo-ɗigo a kan kwalta, ba a jere ba, a watse kamar an fesa da baki. Na shinshina, man birki ne. Daga nan zuwa ƙasa sai baƙin layi ɗaya na tayar baya.

Ya tambaye ni me tiyo ke yi in an karya kwana. Na ce yana miƙewa, domin kansa ɗaya yana sama a hannun babur, ɗayan yana ƙasa a jikin taya. In kuma akwai kaya mai nauyi a baya, gaban babur yakan ɗaga, tazarar ta ƙaru. Ya ce to wannan ba tsufa kaɗai ya fasa shi ba, fizgarsa aka yi, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeren turke ta zabura.

Na ce nawa ba zai taɓa yin gajere ba. A nan ne na ba shi labarin yadda nake yi, kuma ya bar ni na yi shi da saurina. Tsofaffin baburan nan ba a samun kayansu a kanti, wanda za a ba ka na sababbi ne, zaren notinsa daban, kansa a miƙe, alhali na tsoho sai mai ɗan lanƙwasa. Ga shi Mai Ƙwai yana ciwon baya, ya sa an ɗaga masa hannun babur sama da yadda kamfani ya yi. Don haka nakan ɗora babur a kan turke har tayar gaba ta bar ƙasa, in murɗe kan har ƙarshe, in bi hanyar tiyon da zaren buhu, in ƙulla a inda ya tsaya. Zaren nan da tsofaffin kawunan nake ɗauka in shiga mota zuwa wurin wani mai matsa tiyon manyan motoci, in tsaya a kansa ya yanka daidai ƙulli, ya matse a gabana. Yini guda nake ɓatawa a kan tiyo ɗaya. Da yake rubutuna ba shi da ƙarfi, kowane zare nakan ɗaura masa alama in rataye a ƙusa. Na Mai Ƙwai guntun kwalin kiret ne a jikinsa.

Baba ya ce zaren yana ina. Na ce yana bayan kwaɗon Shugaba.

*

Shugaba ya buɗe, amma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannuna kamar zan saci kayana. Na ɗauko zaren, muka gwada da tsohuwar robar da Dogo ya tsaga. Ta gaza da yatsa huɗu cif.

Na ɗauka wannan zai taimake ni. Dogo ya ce ai ya ƙara tabbata, na rarumo tarkacen da ya zo hannuna na liƙa wa bawan Allah. 'Yan layi suka ce haka ne. Wani daga baya ya ce dama mai shiru-shiru ba a san cikinsa.

Baba ya matso kusa. Ya durƙusa gaban babur ɗin yana shafa notin da ke riƙe da kan tiyo, ya sa farce, ya karkata kai don rana ta haska. Ya ce in kawo abin da nake ɗaure irin wannan da shi. Na kawo sifana mai zobe ta mahaifina. Ya ce wannan ba ta da haƙori, notin nan kuwa an cije shi, ga gurbin haƙora a kusurwa huɗu. Sai ya tambaya wa ke ɗaure noti da abu mai haƙori a layin nan.

Dariya ta tashi tun kafin ya rufe baki. Kowa ya san Dogo da filaya yake komai, har ana cewa da ita yake yanke farce. Nan take fuskoki suka juya. Aka tuna shi ke son rumfata, aka tuna Mai Ƙwai ya taɓa barin babur ɗinsa a layin ya shiga shan shayi. Auta, wanda ya dawo ya zauna a kan babur ɗinsa yana hararata, ya diro ya nufi Dogo yana cewa ashe su biyu ne.

Dogo ya rantse, ya zagi layin gaba ɗaya, ya zagi Baba da cewa tsohon makiyayi ya zo yana koya wa masu sana'a sana'a. Baba ya jira ya gaji, sannan ya miƙa masa wani tsohon noti ya ce ya cije shi da filayarsa yadda ya saba. Ya cije. Aka jera biyun a tafin hannu. Haƙoran Dogo manya ne, a warwatse, har ɗaya ya karye. Na jikin babur ƙanana ne, a matse, irin na ƙaramar filayar da ke zuwa a akwatin babur.

"Ba shi ba ne," in ji Baba.

Dogo bai gode ba. Ya tofar da yawu kusa da ƙafata ya ce duk ni na jawo masa. Shugaba ya mayar da kwaɗonsa ya ce haƙori ba hujja ba ne, kowa na iya aron filaya, ni ma ina iyawa.

*

Washegari da safe labari ya zo cewa an ga tiyo mai saƙar waya a rataye a shagon Mai Kanti, wanda ke sayar mana da kayan gyara a bakin layi. Kafin mu isa, Auta ya riga mu da mutum kamar goma. Mai Kanti yana tsaye a bayan teburinsa, ƙaton mutum, gumi na zuba, yana cewa shekara ashirin yana kasuwa ba a taɓa shigo masa da hayaniya ba sai yau a kan wani mataccen yaro.

Aka sauko da tiyon, yana ƙyalli. Auta ya cusa mini shi a fuska ya ce in musa in na isa. Shugaba ya ce in na amsa nawa ne, na sayar wa Mai Kanti, to magana ta zo da sauƙi, za a raba laifin biyu, wataƙila ma a bar maganar 'yan sanda.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta so ta ja hankalina. Sannan na fito da zarena na gwada. Ya gaza. Na duba kawunan, a miƙe suke, na sababbin babura. Na lanƙwasa shi, ya naɗe kamar taliya. Na ce ba nawa ba ne, kuma ma ba na gaske ba ne, roba ce aka yi wa rigar waya don ado, in ka matsa birki za ta kumbura a ciki ba ka gani.

Na ɗauka na wanke Mai Kanti. Ashe na yi masa abin da ya fi zargin sata zafi, na kira kayansa jabu a gaban masu saye. Ya ce in fita, kuma ko ƙusa na zo nema daga yau ba zai sayar mini ba. Auta ya ce ai dole in ce ba shi ba ne, ɓarawo ba ya nuna kayan sata.

Baba dai yana gefe da tiyon a hannu, yana goga shi a bayan yatsansa. Da muka fito ya tambaye ni, tunda abin kyakkyawa ne haka, me ya sa nake rufe shi da baƙar roba. Na ce saƙar wayar nan zarto ce. In aka bar ta tsirara, duk abin da ta jingina da shi sai ta ci shi a hankali saboda girgizar hanya, fenti ne, ƙarfe ne, ba ruwanta. Ya ce in nuna masa. Na koma na roƙi Mai Kanti aro, ya wurgo mini shi ta taga da zagi. Na samo guntun langa-langa mai fenti a bola, na goga sau kamar ashirin.

Baba ya karɓa ya kai kusa da idonsa. Ƙananan layuka ne a karkace, wasu sun hau kan wasu, kamar saƙar tabarma. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da na ga ya yi wa kwalta. Sannan ya jefa a aljihu ya ce mu je gidan Mai Ƙwai.

*

Matar Mai Ƙwai ta dawo daga asibiti ɗaukar kaya. Da ta ga ni ne, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta ba Baba tabarma ba. Ta ce in na zo ganin aikin hannuna ne, ba a nan yake ba, yana gado mai lamba tara da ƙarfe a ƙafa, 'ya'ya biyar kuma ga su nan sai in kwashe in ciyar.

Baba ya ce mata ba shiga za mu yi ba, ƙofa kawai zai duba. Ƙofar ƙarfe ce mai koren fenti. Daga ƙasa, daidai gwiwa, fentin ya yi bororo a wuri biyar ko shida, ya taso kamar ƙuna. Ya kalle ni. Na ce man birki ne ke yin haka. A ƙasa kuma, inda ruwan wanki ya taɓa jiƙa wurin ya bushe ya yi tauri, akwai ramin ƙafar babur. Ba ɗaya ba, biyu, kusa da juna har hannayensu za su iya gogar juna. Baba ya auna faɗin kowanne da ɗan yatsa, ya ce girmansu ɗaya.

Ni kuwa idona yana kan tsintsiyar da ke jingine a bango. An ɗaure gindinta da baƙar roba doguwa, wadda aka tsaga ta a tsaye. Na san ta, domin ni na zura ta da ruwan sabulu, har da inda na ƙona bakinta da ashana don kada ta zame. Na nuna wa Baba da haɓa.

Ya tambayi matar inda ta samo. Ta ce a nan ƙofa ta tsince ta tana shara, ko yanzu tsintar roba ma laifi ne. Ya ce yaushe. Ta ce ranar Litinin da safe. Ya ce wa ke wanke wa maigidan babur a nan.

Ta kalli ramukan nan biyu, ta kalli tsintsiyar, na ga leɓenta ya motsa. Sannan ta fizge tsintsiyar ta shige ta bugo ƙofa, ta ce daga ciki mu bar mata gida kafin ta tara mana jama'a.

A hanya na tambayi Baba ko ya gano. Ya ce in rufe bakina in je in gaya wa Shugaba, gobe kowa ya zo da abin hawansa, har shi Shugaban.

*

Asabar bayan la'asar layin ya cika, har masu wucewa sun tsaya. An jera babura goma sha ɗaya a gaban rumfata. Inna ta zo duk da na hana ta, ta tsaya can nesa a jikin bango. Shugaba ya ce ba shi da lokacin wasan tsofaffi, a yi a gama.

Baba ya fara daga na Shugaba. Ba ya kallon masu su, gaban babur kawai yake shafawa, daga hannu zuwa taya. Ya wuce na Dogo, Dogo ya ce ya duba da kyau ko zai ga saniya a ciki. Ya wuce na Mai Kanti. A na takwas ya tsaya.

Na Auta ne. Tiyon birkinsa sabuwar roba ce fil, ko ƙura ba ta kama ta ba. A gefen marfin tayar gaba kuwa akwai wani tabo mai tsawon ɗan yatsa, fenti ya tafi, ƙarfe ya fito. Baba ya ciro langa-langan nan ya kara a gefensa, ya kira Shugaba ya zo ya gani da idonsa. Saƙa ɗaya ce, karkata ɗaya.

Auta ya yi dariya ya ce ƙaya ce ta karce shi a hanyar ƙauye. Baba ya ce shekara arba'in yana bin abin da ƙaya ta karce, bai taɓa ganin ƙayar da ta iya saƙa ba. Auta ya ce to ko waya ce, gari cike yake da waya.

"Sanyi," in ji Baba, "kawo zarenka."

Ya ce in ɗora shi yadda tiyo ke tafiya. Na kama bakin zaren a sama inda tiyo ke fita, na kai ƙullin ƙasa inda yake shiga. Hannun babur ɗin Auta na kamfani ne, ba a ɗaga shi ba, don haka zaren ya yi masa yawa. Rarar ta yi ciki, ta sauko, ta kwanta a kan tabon nan daidai, daga farkonsa har ƙarshensa. Ko kaɗan bai kauce ba.

Baba ya ce an jera babura biyu a ƙofar Mai Ƙwai ranar Lahadi, an wanke su, an kwance tiyo biyu da ƙaramar filaya an musanya. Wanda ya ɗauki dogon ya tsaga rigarsa don ya yi ƙyalli a tasha, dogon ya kwana huɗu yana cin fentinsa. Gajeren kuma ya kai yadda babur ke tsaye, ya yi ta haƙuri a miƙaƙƙiyar hanya, har ranar da aka karya kwana da kaya a gangara.

Auta ya zauna a ƙasa, kamar an zare masa ƙashi. Da ya buɗe baki, ba da mu yake magana ba.

"Nawa yana yoyo. Shi ai a hankali yake tafiya, ƙwai yake ɗauka. Ni ne mai gudu. Na ce in na samu sarari ranar Juma'a zan sayo masa sabo in mayar, ba zai ma sani ba."

Shugaba ya tambaye shi ina tiyon. Ya ce tun ranar Alhamis ya jefa shi a masai. Abin kunya, a wannan lokacin sai da na ji zafin rasa tiyon, domin ban taɓa samun wanda aka matse da kyau kamarsa ba.

Waɗanda suka riƙe masa riga ranar da ya shaƙe ni su ne suka fara kai masa duka. Baba ya sa sandarsa a tsakani. Shugaba ya ce maganar hukuma yanzu tana hannun Mai Ƙwai, tunda jininsa ne. Ya ciro makulli ya wurgo mini, ya faɗi a ƙasa, na sunkuya na ɗauka. Bai ce in yi haƙuri ba, babu wanda ya ce. Mai Kanti ya ce maganarsa tana nan, ba zai sayar mini da komai ba. Na bi Baba zan yi godiya, ya ce in koma in kama hannun uwata, ta daɗe a tsaye.

*

Ranar Talata aka aiko Mai Ƙwai ya farfaɗo yana nemana. Na sayi lemo na tafi. Ya rame, ƙafar tana rataye, matarsa tana zaune a gefe ta juya mini baya. Na gaishe shi da jiki, ya amsa a ciki.

Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce 'yan sanda sun zo sau biyu, tunda an riga an kai musu rahoto tun ranar farko, suna so ya faɗi wanda ya taɓa birkin. Ya ce Auta a hannunsa ya tashi tun yana shekara shida, shi ya yi masa aure bara, matarsa ga ciki. Mahaifiyarsu kuma ba a gaya mata ba, in ta ji ba za ta kai wata ba. Ya ce ni makaniki ne, kuskure a aiki ba abin mamaki ba ne. In na ce na manta ban ɗaure da kyau ba, shi zai ce ya yafe, magana ta mutu a nan, kuma zai sa baki Shugaba ya bar mini rumfata.

Na gane abin da yake nema. Rumfar za ta zauna a hannuna, amma babu mai sake kawo mini birki har in mutu, kuma duk wanda ya wuce zai nuna ta ya ce ga inda aka karya Mai Ƙwai. Na so in ce masa zan yi tunani, don kada in ƙara masa ciwo. Amma na san in na fita da wannan kalmar, gobe za a ce na amsa.

"Yaya," na ce, "ka ce musu ka yafe wa ƙaninka, za su ji. Babur ɗinka kuma in an kawo zan tashe shi, ba sai ka nemi kowa ba. Amma ba zan ce na yi abin da ban yi ba."

Matar ta ja tsaki. Shi kuwa ya juyo ya kalle ni, karo na farko tun da na shigo. Babu faɗa a idonsa, sai dai hawaye da ya gangaro ya shiga kunnensa.

"Da kai ne, Sanyi, da ya fi mini sauƙi."

Na ce na sani. Na ajiye lemon a kan ɗan teburin da ke gefen gado, inda hannunsa zai kai, na yi musu sallama. Babu wanda ya amsa.